Kachalla Za Ta Cinye Tafkin Nguru

Zuwa ga Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan Tafkin Nguru da ke Jihar Yobe.

Ga wanda bai sani ba, ruwan wannan tafki daga Kogin Haɗeja yake zuwa, ta wani reshe da ake kira Marma. A da, ruwa kan zo da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye. In ya janye sai manomi ya bi danshi ya shuka wake, Bafulatani ya samu ciyawa, masunci ya kama tarwaɗa da karfasa. Da sanyi kuwa tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su sauka cikin ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Saboda su ne ma aka sa wurin cikin dausayoyin da duniya ke karewa a shekarar 2000.

To amma tun da aka gina Dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwan ya daina bin lokacinsa. Yana nan kwance rani da damina, abin da ciyawar kachalla ke so ke nan. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsawa, taru ba ya shimfiɗuwa. Ruwan da ya kamata ya gangara Gashuwa sai ya dawo ya kwanta a gonakinmu. Uwa-uba, cikinta jan-baki ke kwana, kuma kowa ya san abin da garken jan-baki ke yi wa gonar shinkafa da gero kafin hantsi.

Jama'a suna gayya su shiga da lauje da adda, Allah Ya saka masu. Amma ni a ganina wahala ce kawai, don saiwarta na cikin laka, ba a daɗewa ta sake tohowa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin da abin ya shafa su yashe bakin Marma da tsohuwar hanyar kogin, sannan su tsara sakin ruwan dam yadda fadama za ta riƙa bushewa da rani. Kuma in za a saki ruwa, a sanar da mu ta rediyo tun kafin mu zuba taki.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi, Nguru.