Sulhun da ke mayar da mace hannun mai dukanta

Duk taron da za a yi kan tsaro a jihar Tawa, maganar ba ta wuce ƴan bindigar da ke tsallako iyaka daga Najeriya su faɗa wa ƙauyukan Bangi, su kore shanu, su sace mutane. Babu mai musun wannan bala'i. Amma a Madawa da Buza da Keita akwai matar da ba ta taɓa ganin ɗan bindiga ba, kuma rabonta da barci mai daɗi tun ranar da aka kai ta ɗaki, don wanda take tsoro shi ke riƙe da mabuɗin ƙofarta. Ita ba ta cikin lissafin rashin tsaro. An sa mata suna "maganar cikin gida" an wuce.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ta yi yaji da kumburarren ido, goyo a baya, takalmi ƙafa ɗaya. Kafin kumburin ya saɓe, dangin miji sun iso biko da ƙullin goro. A shimfiɗa tabarma a zauren mai gari. Baffanta ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, aure ibada ne, uwarki ma haka ta zauna." A juya wurin mijin cikin ladabi: "Malam, a riƙa sassautawa." A shafa fatiha. Ita tana rakuɓe bayan zana, ba wanda ya ce ta buɗe mayafi a ga abin da aka yi mata. Kafin magariba ta koma gidan da ta gudo, shi kuwa ya gane cewa kuɗin dukan mace goro ne.

Wannan ake kira sulhu, kuma shi ke ba ni takaici. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rikicin aure da na gona da na bashi. Fasa kai da karya haƙarƙari laifi ne da kundin hukunta laifuka na Nijar ya tanadar wa ɗauri, ba hurumin zaure ba ne. To me ya sa idan maƙwabci ya fasa maka kai a kasuwar albasa za a kira jandarma, idan miji ya fasa na matarsa sai a kira baffa?

A ce ma ta yi ƙarfin hali ta nufi jandarmomi. Daga ƙauyen da ke bayan duwatsun Keita sai ta biya kabu-kabu zuwa gari. Za a tambaye ta takardar likita mai tabbatar da raunin, ita ma da kuɗinta. Kuɗin kuma suna aljihun wanda za ta kai ƙara. In ta sayar da akuyarta ta haye wannan, da daddare ina za ta kwana? Gidan ubanta, inda za a tare ta da "kina so ki ɗaure uban ɗiyanki?" Kwana biyu sai ta janye ƙara, a ce ai ita ta yafe.

Ga wata fuskar da masu rubuta doka a Yamai ba su cika gani ba. Adar, wato wannan yanki na Tawa, ƙasar ci-rani ce. Namiji ya tafi Abijan ko Libiya ko Aljeriya ya yi shekaru, ya bar yarinya a gidan iyayensa. Mai dukanta a nan sau da yawa ƙanin miji ne, mai hana ta hatsi uwar miji ce. Matan nan kuwa su ne jikokin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka lokacin aikin farfaɗo da ƙasar Keita da aka soma a 1984, maza suna ci-rani. Ƙasar da suka raya da wuyansu ta kasa gina musu ɗakin fakewa.

Gwamnatocinmu sun daɗe suna gudun wannan magana. A 1999 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kawar da wariya ga mata, amma ta toge muhimman sassan da suka shafi iyali. A 2006 majalisar dokoki ta yi fatali da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. A 2011 aka jingine daftarin dokar iyali da malamai suka taso. Na ji hujjar malaman kan gado da auren mace fiye da ɗaya, a yi ta muhawara a kansu. Amma duka fa? Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba alƙali ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, yana nan cikin Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukanmu. Wanda ya fake da addini don ya kare mai karya ƙashin matarsa, ya yi wa addinin ƙazafi.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma kusan shida cikin mata goma suna ganin akwai dalilin da zai halatta wa miji duka. Masu son zuciya na kafa hujja da wannan, wai matan ma sun yarda. Yarinyar da aka kai ɗaki tana shekara 14, me aka taɓa gaya mata ban da haƙuri?

Mun ga abin da doka ke iyawa a nan kusa da mu. Hadijatu Mani tana shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan sefa 240,000 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ta biyar, al'adar da binciken ƙungiyar Timidria ya same ta har a yankunan Madawa da Buza. Da ta sami ƴanci ta auri wanda take so, kotun Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 aka ɗaure wani mutum a Ƙonni kan riƙe wahaya. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO. Wata Hadijatun ta yau ba ta da waccan ƙofa, sai abin da alƙalan gida suka yi da ita.

Saboda haka a ba alƙalin Madawa da na Buza da na Keita abin aiki. A ba shi ikon fitar da umarni cikin gaggawa da zai hana mai duka kusantar matar, ko miji ne ko danginsa. Takardar likita ta zama kyauta. In rauni ya yi tsanani, mai gabatar da ƙara ya ci gaba da shari'a ko an tilasta mata janyewa, kuma mai garin da ya binne irin wannan a zaurensa ya amsa tambaya. Kowace gunduma ta sami wurin da mace za ta kwana da ɗiyanta, ba sai ta kai kanta birnin Tawa ba.

Najeriya ta yi dokar hana cin zarafi a 2015, da tanadin umarnin kariya a ciki. Burkina Faso, ƙawarmu a ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, ita ma ta yi tata a 2015, don haka kada wani ya ce mana abin Turawa ne. Da can ana cewa majalisa ce ta ƙi. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu wannan majalisa, sa hannun shugaban ƙasa Janar Tiani ke fitar da doka. Wa kuma ake jira?