A Sauke Mini Ita Zuwa Bakwai

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati, musamman mu da ke zaune a Tudun Jukun da Tudun Wada muna zuwa karatu Kongo. Mutum zai yi wata da watanni yana zuba adashi, ko kuwa mahaifinsa ya sayar da masara, a sayo masa kwamfuta sabuwa fil a kwalinta. Tun leda ba ta gama barin jikinta ba sai ya kai ta wurin mai gyara, ya ce a goge Windows 11 da ta zo da ita, a sa masa Windows 7. Watau a cire babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda ta fito a 2021, a maye gurbinta da ta 2009.

Masu yi wa irin wannan mutum dariya suna cewa ƙauyanci ne, lalle ba su yi masa adalci ba. An tsara sabuwar manhajar ne domin ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, intanet kuma ba ya yankewa. Tun ranar farko tana neman a haɗa ta da intanet a yi rajista da Microsoft. Sa'an nan kowane wata ta jawo gyare-gyare, ta lashe datar da ɗalibi ya saya da kuɗin abincinsa. Wani lokaci ma a daidai sa'ar da aka kawo wuta za ta tsaya sabunta kanta, har a ɗauke ba ta gama ba. Ga kuma tsohon injin buga takardu na ofis, wanda bai san kowace manhaja ba sai tsohuwar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu gyara.

Ba mu ne farau ba. Sa'ad da Windows Vista ta fito a 2007, ta yi wa na'urori nauyi har masu saye a Amurka suka yi ta kuka, kamfanin Dell ya koma sayar da sababbin kwamfutoci ɗauke da XP ta 2001. A wannan shekarar ce kuma Nijeriya ta yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na Classmate domin 'yan makaranta, ɗauke da manhajar Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Kwatsam sai aka ji za a goge ta a sa XP. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, duniya ta ji.

Amma fa a lura da bambanci. Wanda ya koma XP a 2007 ya koma gidan da ke da mai gadi ne, gama an ci gaba da kula da ita har 2014. Windows 7 kuwa, tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ya daina aika wa talakawan masu amfani da ita gyaran tsaro. Kowace kafa ɓarayin intanet suka gano a jikinta, haka za ta zauna a buɗe. A watan Mayu 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Galibin na'urorin da ta kama masu Windows 7 ne waɗanda ba a sa wa gyaran da aka fitar tun watan Maris ba. Lokacin akwai magani, sakaci aka yi. Yanzu kantin maganin ma an rufe. Chrome ita ma ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023, alhali kuwa da ita muke biyan kuɗin makaranta, muke shiga asusun banki.

Bugu da ƙari, sabuwar na'ura ba ta jin yaren tsohuwar manhaja. Sau da yawa bayan an sauke ta sai sauti ya ɗauke, ko ta ƙi kama intanet. Kwafen da ake ɗorawa kuma galibi na sata ne, wanda wani da ba mu sani ba ya fasa ya lulluɓe. Abin da ya cusa a ciki, Allah masani. A kan irin wannan ɗalibin ajin ƙarshe ke ajiye kundin bincikensa, akawu kuma ke ajiye jerin albashin ma'aikata. Garin neman gira a rasa ido.

Da can akwai matsakaicin tsani, watau Windows 10, amma ita ma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin lokaci da aka ba wanda ya yi rajista.

To, ina mafita? Cikin Windows 11 akwai wurin da ake gaya wa na'ura cewa intanet ɗin nan da mudu ake auna shi, sai ta rage haɗama. Abin takaici, kaɗan ne daga cikinmu aka nuna wa. Wanda kuma ya gaji da ita baki ɗaya, ga Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne, halal ne, kuma ana kula da su.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta zauna da cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar da ke Samaru, a nemi a riƙa sauke gyare-gyaren nan sau ɗaya a ajiye a jami'a, kowa ya ɗauka ba tare da ya ƙona datarsa ba. 'Yan'uwanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta kuma su ware Asabar guda a farkon kowane zango, su zo Kongo da teburi da kujeru, mu mazauna Tudun Jukun mu kawo na'urorinmu.