Contra, Gidan Gem Da Yaran Kafanchan

Yau batun da zan taɓo wasu za su ce shirme ne, wai babban mutum da furfura ta fara leƙo wa gemu ya zauna yana rubutu a kan wasan gem. To, a yi mani uzuri. Ni a ganina, cikin abubuwan da suka haɗa yaran Kafanchan wuri guda a shekarun 1990, bayan ƙwallo da makarantar firamare, babu kamar gidan gem, kuma rashin irin wannan mahaɗa a yau asara ce da ba mu cika lissafawa ba.

Duk wanda ya san Kafanchan ya san jirgin ƙasa ne ya raya ta. A 1927 aka haɗa layin dogon da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, ga kuma reshen da ya nufi Jos, sai garin ya zama mararraba. Kakanninmu suka zo daga Kano, Zariya, Katsina da Bauchi da fatauci da sana'a, Ibo da Yarbawa suka zo aikin reluwe, suka zauna tare da Fantswam, Bajju, Kaninkon da mutanen Kagoro. Ta irin wannan hanya ta 'yan kasuwa gem ma ya iso mana.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Famicom a 1983, amma mu ba ita muka samu ba. Kwaikwayonta muka samu, irin wadda ake ƙerawa a Taiwan da Sin, da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni dubbai a bayansa, alhali in ka duba 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. A ciki akwai Super Mario na 1985, da wasan tankokin yaƙi, da na harbin agwagwa. Amma ni wanda ya sace mani zuciya shi ne Contra, wanda kamfanin Konami ya fitar a 1987, ya shigo na'urar gida a 1988.

Na fara ganinsa ne a wani ɗan shago da wani Inyamuri ya buɗe, talabijin biyu, benci ɗaya, da labule don kada rana ta haske gilashin. Kuɗin tara muke tarawa mu kai. In kaset ya ƙi kamawa sai a zare a hura masa iska a mayar, in an ɗauke wuta kuwa sai ka ji shagon ya ɗauki salati da kururuwa, kowa da harshensa. Sojoji biyu ne a wasan, mai shuɗin wando da mai jan wando, mataki takwas, rai uku kacal, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka mutu. Bindigar da kowa ke rububi ita ce mai harafin S, mai watsa harsashi kamar an watsa gero. Ranar da wani yaro ya koya mana sirrin nan na sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, muka ga rai talatin ya bayyana, wallahi sai da muka ɗauke shi kamar wani malamin tsibbu.

To, mai karatu, ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Contra ba wasan da ake doke abokin zama ba ne, wasa ne da ku biyu kuke gefe ɗaya. A mataki na uku, inda ake hawan dutse mai gangaren ruwa, wanda mu muke kira Matsirga, in ka yi gaggawar hayewa sama ka bar ɗan'uwanka a ƙasa, hoton zai tafi da kai, shi kuma ya mutu nan take. Dole ka jira shi. In ransa ya ƙare kuma, yana iya ɗaukar ɗaya daga naka ya dawo. Wanda na fi yin wasa da shi wani yaro ne Bajju, ɗan ma'aikacin reluwe. Ban taɓa tambayarsa cocin da yake zuwa ba, shi ma bai taɓa tambayata daga ina kakana ya zo ba. Abin da ya dame mu shi ne waye zai ɗauki S, waye zai tsare baya.

Kada a manta a wane zamani ake wannan. Rikicin watan Maris na 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992. Manya suna ɗauke da tabo a zuci, amma yara suna kan benci ɗaya suna miƙa wa juna hannun gem. Daga baya Sega ta zo da Mortal Kombat, sannan PlayStation da wasan ƙwallo, a lokacin da zinaren da Nijeriya ta ci a Atlanta a 1996 ya sa kowa ke son ya zama Kanu ko Okocha. Bencin dai bai canza ba.

Abin da ya canza shi ne garin. An sake rikici a 1999, sannan na bayan zaɓen watan Afrilun 2011 ya ci rayuka, ya ci kasuwa, ya sa mutane da dama suka tattara suka koma unguwar da nasu suka fi yawa. Yaron da aka haifa bayan nan yana iya girma bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Gem kuwa bai mutu ba, ya koma cikin waya ne. Tun daga macijin Nokia da ya zo da GSM a 2001 har zuwa wasannin intanet na yanzu, kowane yaro da nasa allon, kansa a sunkuye. Yana iya wasa da wani a Indiya ko Brazil, amma bai san sunan sa'ansa da ke tsallaken layin dogo ba.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Gidan gem ya sa yara sun gudu daga makaranta da Islamiyya, wasu sun ɗauki canjin cefane, wasu a can suka koyi zagi da sigari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Ga kuma shagunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwanmu, waɗanda wasu ke ruɗa su da gidan gem, alhali su guba ce tsagwaronta. Amma maganin wannan sa ido ne da ƙayyade lokaci. Hani ɗungurungum ba ya hana yaro wasa, sai dai ya koya masa ɓoyewa, kuma abin da aka yi a ɓoye ya fi wanda aka yi a gaban idonka haɗari.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasanmu da masu gidajen kallon ƙwallo ita ce, a lokacin dogon hutu a shirya gasar gem a wuri na tsakiya da kowa zai iya zuwa ba tare da fargaba ba, da rana tsaka, da amincewar masu unguwanni, ba caca, ba sigari. Sharaɗi ɗaya nake roƙo: kada a haɗa unguwa da unguwa su kara, domin wannan tsohon ciwo zai tayar. A yi ƙuri'a a haɗa yara biyu biyu daga ɓangarori dabam dabam, su zama gefe ɗaya, su ci tare ko su faɗi tare. Talabijin biyu da janareto sun isa a fara. Tarukan zaman lafiya da ake yi a manyan ɗakuna suna da amfaninsu, amma dattawa ne ke halarta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana da muka yi zamanin hura kaset, ku zauna da 'ya'yanku ku karɓi hannu ɗaya, ku ga abin da suke bugawa, ku tambaye su da wa suke bugawa. In amsar ita ce ba kowa, ko kuma 'yan layinmu kaɗai, to akwai aiki a gabanmu. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar yaro ba ta zuwa inda babba bai nuna mata hanya ba.

Allah Ya zaunar mana da Kafanchan da kudancin Kaduna lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.