Tseren Da Ba A Gama Shi A Kaɗaice

A wannan wata za mu leƙa wani wasa da ba kasafai ake jin labarinsa a unguwanninmu ba, amma akwai darasi a cikinsa ga yaro da babba.

Sunan gasar Ironman, wato mutumin ƙarfe. An fara ta a shekarar 1978 a jihar Hawai ta ƙasar Amurka, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Ga yadda take: mutum zai yi iyo na kusan kilomita 4, yana fitowa ya hau keke ya yi kilomita 180, yana sauka kuma ya kama gudun fanfalaki na kilomita 42. Duk a rana guda, kuma bisa al'ada awa 17 ake bayarwa. Wanda ya wuce haka ko da daƙiƙa ɗaya ne, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama.

To, cikin waɗanda suka yi suna a wannan wahala akwai wata baiwar Allah mai suna Sista Madonna Buder, 'yar ɗarikar Katolika, wadda aka haifa a 1930. Ta shiga zaman zuhudu tana da shekara 23, ba ta kuwa fara gudu ba sai da ta kai 48. Wani Fada mai suna John ne ya ba ta shawara, ya nuna mata cewa gudu yana daidaita jiki da hankali da ruhu. Ta karɓi maganarsa, ta mai da gudun wani lokaci na addu'a da godiya ga Mahalicci. Tana da shekara 55 ta gama Ironman ɗinta na farko. A 2006, tana da 76, ta isa layin ƙarshe a Hawai saura ƙasa da minti ɗaya a rufe. A 2012 kuma, a ƙasar Kanada, ta gama tana da shekara 82, ta zama mace mafi tsufa da ta yi hakan. Gaskiyar Bahaushe, sannu ba ta hana zuwa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ya faro ne daga bakin aboki guda. Da Fadan nan ya dubi shekarunta ya yi shiru, da duniya ba ta san ta ba.

Akwai kuma wata doka a gasar da ta ba mu mamaki. Ba a yarda iyalinka ko abokanka su miƙo maka taimako a hanya ba, ko da ruwan sha ne. Ban da ma'aikatan gasa, abokin takararka ne kaɗai zai iya ba ka ɗan abin da ka rasa. Wato wanda zai fi amfana da faɗuwarka, shi ne aka bar wa ikon ɗaga ka.

An ga haka a Hawai a 2008. Chrissie Wellington ta ƙasar Ingila, wadda ke riƙe da kambi, tana gaba a tseren keke sai tayarta ta yi faci. Iskar da ta tanada ta zube, ta tsaya bakin hanya wajen minti 10, ana ta wuce ta. Sai Rebekah Keat ta Ostireliya ta zo wucewa, ta miƙa mata nata ɗan gwangwanin iska. Wellington ta gyara taya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ita ce kuma ta ci gasar. Keat ta san sarai wadda take taimako, amma ta taimaka.

Mabiya addinin Kirista ba za su ga baƙon abu a nan ba. A cikin Linjila akwai misalin Basamariyen da ya tsaya wa wanda aka yasar a gefen hanya bayan wasu sun ratse. Manzo Bulus kuma ya sha kwatanta rayuwar bangaskiya da tsere, inda jimiri har ƙarshe shi ne abin nema. Wannan ne ya sa masu tsere irin su Sista Madonna ke ɗaukar na gefensu a matsayin abokin tafiya. Hatta zakarun Hawai, bayan sun huta, sukan dawo layin ƙarshe da tsakar dare su tarbi na baya, su rataya musu lambar yabo.

Me ya kawo mu wannan magana? Mu da muke tsaye gaban allo kullum muna ganin akasin haka. Jarrabawa na matsowa, sai ka ga yaro ya ɓoye littafinsa don kada na kusa da shi ya karanta ya wuce shi. In ka bincika, sau da yawa daga gida aka koya masa. Muna tambayar 'ya'yanmu na nawa suka zo, ba ma tambayarsu wa suka taimaka. Yaron da ya tashi a haka, gobe shi ne zai ga ɗan'uwansa ya durƙushe a kasuwa ya ce gaba ta kai shi.

Don haka muna roƙon iyaye da 'yan'uwanmu malamai: in sakamako ya fito a ƙarshen wannan zango, mu yaba wa wanda ya zo na ɗaya, mu kuma nemo wanda ya ara wa abokinsa littafi, mu kira sunansa a gaban jama'a. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.