Kafin a ɗinka wa manhaja riga

Makonni uku da suka wuce ɗan ƙanwata, wanda ya kammala karatun kwamfuta yana jiran kiran bautar ƙasa, ya shigo mini da fara'arsa. Wata makarantar kuɗi ta ba shi aikin gyara fuskar manhajar da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu da ita. Ba shi ya rubuta manhajar ba, irin ta kyauta ce da kowa ke iya saukewa. Aikinsa kawai ya ɗinka mata riga: launi, salon rubutu, tambarin makaranta, da inda kowane abu zai zauna.

Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba ka gani." Gaskiya ta ƙayatar. Rubutu ne ruwan gwal a kan fari, haruffa sirara kamar na katin ɗaurin aure. Sai na ce ya nemo mini ɗalibin da sunansa ya fara da Ɗ. Aka samu wani Ɗanjuma. A fuskar waya harafin farko ya fito a karkace, ya fi 'yan'uwansa kauri, kamar baƙon da aka cusa cikin sahu. Da muka fitar da takardar da za a buga wa iyaye kuwa, ba Ɗ ba dalilinsa, sai wani ɗan akwati a gurbinsa.

Ba laifin waya ba ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, duk suna da lambobinsu a tsarin Unicode. Amma lamba daban, zane daban. Wanda ya zana salon rubutun da yaron ya zaɓa, Turanci ne a gabansa, bai zana namu ba. Idan na'ura ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro daga wani salon, abin da ya jawo karkacewar ke nan. Inda babu wurin aro sai ta ajiye akwati. Masu sana'ar suna kiran wannan akwati "tofu", wato awara, kuma daga nan kamfanin Google ya samo sunan Noto, jerin salon rubutun da ya fitar don a daina ganin awara a kowane harshe. Akwai kuma Charis da Andika na cibiyar SIL. Duka kyauta ne, duka suna da haruffanmu.

Na san za a ce ai mun saba rubuta Hausa ba lanƙwasa, kuma ana ganewa. Ana ganewa, amma da lalube. Baki ba baƙi ba ne, wanda ya kasa kuma ba shi ne ƙasa ba. Balle suna, wanda uba ya yanka rago ya raɗa, a ce ya biya kuɗin makaranta an miƙo masa shi da rami a ka.

Daga nan muka fita tsakar gida da azahar. Rubutun gwal ya ɓace ƙurmus a cikin hasken rana. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta ba da ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari 21 ne. Shi a ɗaki mai labule ya yi zaɓinsa, a kan babban allon kwamfuta, alhali mai dubawar wataƙila dattijo ne a bakin kasuwa, da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, datarsa kuma saura kaɗan, ga katon hoton ginin makaranta da sai ya gama sauka kafin a ga maki ko ɗaya.

Kuskuren da ya fi tayar masa da hankali shi ne na uku. Ashe cikin ainihin fayilolin manhajar ya shiga yana yanka yana ɗinki. Ranar da masu ita suka fitar da sabon zubi aka sabunta, duk aikinsa zai shafe. Tun 1996 da aka tabbatar da harshen CSS, manufar ita ce a raba ado da gangar jiki. Ana barin rigar asali yadda take, a buɗe fayil na daban a rubuta canje-canje a ciki, a riƙa sauya abu ɗaya ana gwadawa kafin a taɓa na gaba.

Ya koma gida jikinsa a sanyaye, har na ji kamar na tsananta. Shekaranjiya ya turo mini sabon aikin. Gwal ya koma kan tambari kaɗai, rubutu ya zama baƙi, hoton gini ya tafi. Ya ce mai makarantar ya yi ƙorafi wai ta farko ta fi kama da ta masu kuɗi, har yanzu suna kan ja-in-ja. Ni dai na sake neman Ɗanjuma, na same shi da Ɗ ɗinsa daidai, da maki 48 a lissafi.