OBA-OBA: KA DAINA BIN WAT, KA NEMI ERIYA DA LASISI

Yau bari mu ɗan ajiye wayar hannu a gefe, mu taɓa 'yar uwarta, wato rediyon maganar nan da muka fi sani da oba-oba.

A watan Satumban 2021 aka datse sabis ɗin waya a faɗin jihar Zamfara, daga baya aka bi da wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A lokacin ne da yawanmu muka gane cewa idan ƙarfen sabis ya yi shiru, tsadaddiyar wayar da ke aljihunka ta koma tocila da kalkuleta. Ita kuwa oba-oba ba ruwanta da layi, ba kati, ba data. Ka danna, ka yi magana, na can ya ji. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ganta a hannun mai gona, da mai gadin makaranta, da 'yan sintirin unguwa, da masu shirya taron biki.

To amma ina da magana a kan yadda muke sayenta. Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce "wat nawa ce?", ta biyu kuma "kilomita nawa take ci?". A ganina duk biyun ɓata kuɗi suke jawowa. Abin da zai sa maganarka ta yi nisa ita ce eriya da inda ka ɗora ta. Abin da zai sa ka kwana a gidanka lafiya kuma shi ne lasisi.

WAT BA YA HUDA TUDU

Ɗauki Baofeng UV-5R, wadda ake yawan samu a kasuwa. Tana aiki a zangon 136 zuwa 174 MHz, da kuma daga 400 MHz zuwa sama, ƙarfinta wat 4 zuwa 5. Siginar da ke waɗannan zanguna tafiyarta kusan irin ta hasken tocila ce: miƙe take zuwa, idan ta tarar da tudu ko dogon gini sai ta raunana ko ta tsaya. Kuma ka tuna duniya a lanƙwashe take, don haka ko a fili fetal akwai inda ƙasa da kanta za ta tare ta.

Akwai lissafi mai sauƙi da masu wannan harka ke amfani da shi. Eriyar da ke tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, wato a hannun mutum yana tsaye, iyakar hangenta kusan kilomita 5 ne. Idan ka ɗaga ta mita 9, ya koma kusan kilomita 12. A mita 25, kusan kilomita 20. Sai ka haɗa naka da na wanda kake kira. Ke nan mutum biyu a tsaye a fili, ba gini ba bishiya, da ƙyar su wuce kilomita 10. A cikin gari kuwa, tsakanin bulo da kwano, in ka samu kilomita 1 zuwa 3 ka gode wa Allah. Duk kwalin da ka ga an rubuta masa kilomita 50, ka san talla ce kawai.

Wat fa? Ko a sararin da babu abin da ya tare, sai ka ninka ƙarfin sau 4 kafin nisan ya ninku sau 2. A doron ƙasa ma ba ya kaiwa haka. Tashi daga wat 5 zuwa wat 8 da ake cajinka ƙarin kuɗi a kai, kunnen wanda ke saurarenka da wuya ya ji bambanci. Batirinka ne kawai zai ji a jikinsa, rediyon kuma ta ɗau zafi.

Ga misalin da zai tabbatar maka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi kusan kilomita 400 a sama, kuma tana da rediyon 'yan sha'awa a kan 145.800 MHz. Idan tana watsawa kuma ta biyo ta saman garinku, da 'yar oba-obar hannu za ka iya kama ta, saboda babu komai tsakaninku. Amma wannan rediyon dai ta kasa kai ka unguwar da ke bayan kasuwa. Wanda ya hau Dala da rediyo mai wat 1 zai fi wanda ke lungun kasuwar Kurmi da mai wat 8 kaiwa nesa.

INDA YA KAMATA KUƊINKA YA TAFI

'Yar gajeriyar eriyar robar da ke zuwa a kwali an yi ta ne don ta shiga aljihu. Eriya tana da tsayin da ya dace da zangonta. Ka raba 75 da lambar zangon, abin da ya fita shi ne tsayin a mita. A 145 MHz zai ba ka kusan santimita 52, a 435 MHz kusan santimita 17. Shi ya sa doguwar eriya irin Nagoya NA-771, mai kusan santimita 39, take fin ta kwali aiki, musamman a ƙaramin zangon. Sai dai jabunta ya cika kasuwa, kuma ka duba bakin ɗaurin da kyau, domin akwai mace akwai namiji.

Idan wuri ɗaya kake zaune, kamar gona ko makaranta, ɗora eriya a kan dogon ƙarfe ya fi komai. Amma ka kula da kebul. Siririn nan RG-58, a zangon 435 MHz, mita 10 kacal yana cinye kusan rabin ƙarfinka kafin ya isa sama. Ka sa mai kauri, kuma ka gajarta shi iya yadda za ka iya. Kada ka ɗauko kebul ɗin dish ka jona haka nan: shi om 75 ne, rediyonka om 50 take so. Kada ka taɓa danna maɓallin magana babu eriya a jiki, domin ƙarfin zai dawo ya ƙona cikinta. Ka nisanta ƙarfen daga wayar wuta, kuma idan hadari ya haɗo da damina, ka cire kebul daga jikin rediyo. Ka riƙe ta a tsaye lokacin magana, kada ka kwantar da ita kamar mai ɗaukar saƙon murya a WhatsApp.

ZANGON NAN DA MAI SHI

Nan ne mutane suka fi sakaci. Don ka sayi rediyo da kuɗinka, bai ba ka damar yin magana a duk inda ta iya kamawa ba. A Najeriya, tun dokar sadarwar iska ta 1961 an hana kafa ko amfani da na'urar watsa saƙon rediyo ba tare da lasisi ba, ga kuma dokar sadarwa ta 2003. NCC ke kula da zangon kamfanonin da ke sayar da sabis, NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ita ke da alhakin masu amfanin da ba na kasuwanci ba, har da 'yan sha'awa. A Nijar ARCEP ce, a Gana kuma NCA.

Wani zai ce ai ya gani a YouTube ana cewa ba a buƙatar lasisi. Mai bidiyon dokar ƙasarsa yake faɗa. A Turai akwai PMR446 mai rabin wat, a Amurka akwai FRS, kuma kowanne izini ne na can, ba ya biyo rediyon cikin kwantena. Ita kanta UV-5R ɗin, Jamus ta hana sayar da ita a 2021 saboda tana fesa sigina a wajen zangon da aka saita ta.

Dalilin dokar a fili yake. A cikin zangon da wannan rediyon ke iya magana akwai 156.8 MHz, inda jiragen ruwa ke kiran neman ceto, akwai 406 MHz na na'urorin neman agaji da tauraron ɗan'adam ke saurare, ga kuma tashoshin jami'an tsaro da na kamfanoni. Irin su BF-888S suna zuwa da tashoshi 16 da aka loda tun daga masana'anta, ba tare da an duba na wa ne a ƙasarka ba. Kana iya hawa kan layin wani kana "gwaji, gwaji" ba ka sani ba.

Na san abin da za ka ce: "Malam, kowa na amfani da ita ba takarda, ofishin yana Abuja, mu kuma rayukanmu muke karewa." Wannan magana tana da nauyi, kuma ina ganin hukuma ce ya kamata ta sauƙaƙa hanyar, ta kawo ta kusa da jama'a, ta kuma wayar da kai da Hausa. Amma ka dubi halin da muke ciki. Idan aka tsayar da kai a shingen bincike a hanyar daji, aka ga oba-oba a jakarka babu wata shaida, tambayar da za a yi maka ba ta wat ba ce. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Idan ƙungiya ce ko makaranta ko gona, ku nemi izini da sunan ƙungiyar, a ba ku zangonku, ku sanar da ofishin 'yan sandan yankinku, kowane mai riƙe da rediyo ya riƙa yawo da kwafin takardar.

Wani abu kuma da ya kamata 'yan sintiri su sani: waɗannan rediyoyi ba su da sirri. Lambobin CTCSS da ake kira na sirri, kai kawai suke toshe wa kunne daga jin wasu. Duk mai irin rediyonka da ya lalubo zangon zai ji ka tsaf, har da wanda kuke gudu. Kada ka faɗi suna, ko adadinku, ko inda kuka ɓuya.

IDAN SHA'AWA CE TA KAWO KA

Madalla, harka ce mai daɗi da ilimi. 'Yan sha'awa a yankinmu suna da 144 zuwa 146 MHz da 430 zuwa 440 MHz, kuma mai lasisi yana samun sunan kira nasa na kansa: na Najeriya yana farawa da 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, NARS. Ka dai sani wannan lasisin na koyo ne da gwaji da zumunci, ba a gudanar da kasuwanci da shi.

Kafin ka kashe ko sisi, wayarka ma ta isa ka fara. Ka buɗe WebSDR na Jami'ar Twente da ke Holan a burauza, ka saurari yadda masu harkar ke kiran juna a gajeren zango. Idan kuma garinku akwai sabis, abin da kake so kawai ka danna ka yi magana da yaran shago, manhajar Zello za ta yi maka wannan da data.

Saboda haka ɗan uwa, idan ka shiga shagon, ka jera tambayoyinka haka: a wane zango aka ba ni izini, ina zan ɗora eriya, wane kebul zan sa. Wat ya zo a ƙarshe. Ka tura wa shugaban sintirin unguwarku wannan rubutu, wataƙila shi ne ya fi kowa buƙatarsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.