Gidan Abincin Meksiko a Ƙasar Waje: A Duba Ƙullu, A Bar Ado

Duk gidan abincin da ya rataya sunan wata al'umma a bakin ƙofarsa, to, ya ɗaukar wa kansa alkawari, ko ya sani ko bai sani ba. Baƙon da ya shiga ba yunwa kaɗai ta kai shi ba, yana so ne ya ɗanɗani abin da mutanen nan suke ci a gidajensu. Ra'ayina game da gidajen abincin Meksiko da ke ƙasashen waje shi ne, ana gane mai cika wannan alkawari da abu biyu tak: irin wainar masarar da ya ajiye maka, da irin amsar da ma'aikacinsa ya ba ka sa'ad da ka tambaye shi abin da ke cikin tukunya.

A birnin Houston na jihar Tekzas, a Amurka, na fara gane haka. Wani aboki ya kai ni wani katafaren gidan abinci, an ƙawata bangonsa da manyan malafuna da barguna masu launi iri-iri, kiɗa na tashi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kafin mu gama zama an dire mana kwandon soyayyar waina mai ƙaras-ƙaras da ɗan kwanon miyar tumatir da barkono. Na ce a raina lalle yau an zo wurin karimci. Amma da ainihin abincin ya iso, sai na tarar komai ya nutse cikin narkakken cuku rawaya, kaza da wake da shinkafa duk ɗanɗanonsu ɗaya. Wainar kuwa, wadda suke kira tortiya, da na naɗe ta sai ta tsage biyu, alamar ta daɗe a cikin leda, ɗumama ta kawai aka yi.

Wani zai ce, don waina ta tsage har a rubuta maƙala? I, domin ita ce ginshiƙin abincin gaba ɗaya. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa da ake kira teosinte, kuma daga nahiyar tasu masara da barkono da tumatir suka iso tukwanenmu. Mutanen can ba su tsaya ga surfe da niƙa kawai ba. Sukan dafa ƙwayar masara cikin ruwan toka ko na ƙonannen farin dutse, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke, su markaɗa ta zama ƙullu mai danƙo. Sunan wannan masara nixtamal, daga kalmomi biyu na harshen Nahuatl, ɗaya toka, ɗaya ƙullu. Wannan jiƙo shi ke sa wainar ta naɗu ba tare da ta karye ba, shi ke ba ta ƙamshinta, kuma shi ke sakin sinadarin nayasin yadda jiki zai amfana da shi. Turawa sun ɗauki masarar suka bar dabarar, sai cutar felagira, mai ɓata fata da hankali, ta addabi talakawan arewacin Italiya da na kudancin Amurka waɗanda masara ce cimarsu. Sa'ad da hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, a 2010, wannan jiƙo yana cikin abubuwan da ta ambata. Saboda haka gidan da ya yi sakaci da tortiya ya yi sakaci da asali, ko da malafa ɗari ya rataya.

Na san akwai masu cewa abin da na ci ba na Meksiko ba ne tun fil'azal, girkin kan iyaka ne da ake kira Tex-Mex, don haka kada in auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Suna da gaskiya har wani wuri, kuma ba na cikin masu raina wannan girki. Tekzas ɗin kanta ƙasar Meksiko ce kafin 1836, mutanen da suka ƙirƙiro girkin kuwa ba baƙi ba ne a wurin. Soyayyar wainar nan da ake zuba wa cuku, watau nachos, wani Ignacio Anaya ne ya fara haɗa ta a garin Piedras Negras, a ɓangaren Meksiko na iyakar, a farkon shekarun 1940. Abinci yana tafiya yana sauya kama, kamar yadda harshe ke yi, mu ɗaliban harshe bai kamata wannan ya ba mu tsoro ba. Sai dai sauyi daban, ha'inci daban. Mai girkin kan iyaka na ƙwarai shi ma yana gasa wainarsa a ranar.

Sai batun hidima, wanda ya fi damuna. Matashin da ya kawo mana abinci fara'arsa ba ta da iyaka, bini-bini ya dawo ya tambaye mu ko komai lafiya. Da na tambaye shi ko akwai kitsen alade a cikin dakakken waken da ya kawo, sai ya yi murmushi ya ce yana jin babu. Yana jin! Alhali kuwa bisa al'ada da wannan kitse ake soya irin waken nan, har da wainar alkama ma akan kwaɓa ta da shi. Ga wanda addininsa ya hana shi, ko likita ya hana shi, wannan ba wurin zato ba ne. Ban ga laifin yaron sosai ba. Dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya mai karɓar tukwici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, don haka cinsa da shansa suna rataye ne a kan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da mai ci zai ɗora a kan kuɗin abinci. Wanda aka ajiye a wannan matsayi zai koyi faranta rai da saurin sallamar tebur. Laifin na mai gidan ne, da ya koya masa murmushi bai kai shi madafi ya nuna masa abin da ake zubawa ba.

Bayan 'yan kwanaki na shiga wani ɗan ƙaramin wuri a wata unguwar ma'aikata, tebur bai fi shida ba, bango fayau. Wata dattijuwa tana tsaye tana danna ƙullu tana jefawa a kan faffaɗan kasko, wainar tana kumbura kamar gurasa. Na yi wa 'yarta irin tambayar da na yi a can. Ba ta yi mini fara'ar a zo a gani ba, ta ce wake akwai kitsen, wainar alkama ma akwai, ta masara kuwa ƙullu ne da ruwa kawai. Ta leƙa madafi ta tambayo uwar game da kifi, ta dawo ta ce shi da man gyaɗa-gyaɗan tsirrai suke soyawa, a kasko dabam. Na ci tortiya huɗu da kifi da fiya da yankakkiyar albasa, aka matsa lemon tsami a kai. Na jira wajen minti ashirin kafin a kawo, domin sai da aka gasa nawa.